Yadda za ka gwada Xfce a kan Debian na gwaji ba tare da ka yi asarar aikinka ba

Wata ranar Asabar bayan la'asar ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Bayero ya shigo mini da kwamfutarsa, irin tafi-da-gidankan nan ta hannu da ake saya a Beirut Road. Ram ɗinta gigabait 4 ne, batirinta kuwa da ƙyar yake kai awa ɗaya. Ya ce, "Kawu, an ce Xfce ya fi sauƙi a kan tsohuwar kwamfuta, kuma sabon da ke cikin Debian na gwaji nake son gani. In goge komai in saka?" Na tambaye shi ina aikin binciken da zai miƙa wa malaminsa yake. Ya nuna kwamfutar. Na ce to kada ya goge ko harafi ɗaya.

Abin da muka yi daga ranar zuwa mako biyu shi zan shimfiɗa a nan. Gwaji irin wannan yana da daɗi, kuma yana da amfani ga mutanen da ba su san da zamanmu ba, amma sai mutum ya fara gina wa kansa hanyar komawa kafin ya sa ƙafa.

Mene ne ake gwadawa

Ka ɗauki Debian, wato wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a matsayin ginin gida: harsashi, bango, wayoyin wuta, famfo. Fuskar aiki kuwa, wato tagogi da alamomi da jerin manhajoji da kake gani a allo, kamar jeren ɗaki take. Gida ɗaya ne, amma kana iya sauya gado da labule da kabad. Jeren da Debian ke zaɓa maka idan ba ka ce komai ba shi ne GNOME. Xfce wani jeren ne daban, wanda Bafaranshe Olivier Fourdan ya fara a 1996, kuma fitowarsa ta 4.20 ta zo a Disamba 2024. Akwai LXQt, da KDE Plasma, da MATE, da Cinnamon. Duk abin da zan faɗa game da Xfce kusan haka yake a kansu, sunayen ƙunshi, wato manhajojin da ake girkawa, ne kawai za su sauya.

Shi kuma Debian rassa uku gare shi. Akwai tsayayye, wanda a yanzu shi ne Debian 13 mai suna trixie, da ya fito ranar 9 ga Agusta 2025. Akwai sid, inda sababbin ƙunshi ke fara sauka da zafinsu. A tsakani akwai reshen gwaji, mai suna forky, wanda zai zama Debian 14. Ƙunshi yakan yi 'yan kwanaki a sid, biyu zuwa goma, idan ba a same shi da babbar tangarɗa ba sai ya gangaro reshen gwaji. Wato gida ne da magina ke ciki har yanzu. Yau za ka tarar an sa taga, gobe an cire ƙofa za a sauya ta. Kuma ka riƙe wannan da kyau: gyaran tsaro ba ya isa reshen gwaji da saurin da yake isa tsayayye, saboda haka ba wurin shiga asusun banki ba ne.

Inda za ka saka shi

Hanya biyu ce, kuma ni duka biyun nake bi, ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce kwamfutar cikin kwamfuta, ta hanyar virt-manager ko VirtualBox. Ka fara duba ko injinka zai iya, ta hanyar buga wannan a tagar umarni ta Linux, wato terminal:

`grep -E -c '(vmx|svm)' /proc/cpuinfo`

Idan ya ba ka sifiri, shiga saitin BIOS ka kunna VT-x ko AMD-V. A HP yawanci F10 ake dannawa lokacin tashi, a Dell F2, a ThinkPad F1. Wannan hanyar tana da kyau don ganin kamannin abu da koyon inda kaya suke. Sai dai da ram gigabait 4 za ta yi maka nauyi, kuma ba za ta taɓa gaya maka gaskiya a kan batir, ko wayales, ko rufe murfi, ko zafi ba, alhali waɗannan su ne damuwarmu a Kano.

Ta biyu ita na fi yarda da ita. Ka sayi ƙaramin faifan SSD, ko na gigabait 128 ne ya isa, ka cire faifan da aikinka ke ciki ka naɗe shi ka ajiye a aljihun tebur, ka saka sabon. A yawancin tsofaffin kwamfutocin ofis kusoshi biyu ko uku ne tsakaninka da faifan. Idan hannunka bai saba ba, kowane mai gyara a Beirut Road ko Farm Center zai yi maka cikin minti goma kana tsaye. Faifan da ke cikin aljihun tebur babu umarnin da zai iya goge shi. Haka muka yi wa ɗan yayata, kuma ranar da zai je ganin malaminsa sai ya mayar da tsohon faifan ya tafi.

Kada ka raba faifan aikinka gida biyu don wannan gwaji, kuma kada ka saka a faifan waje alhali na ciki yana maƙale, domin mai girkawa kan iya rubuta GRUB, wato manhajar da ke tayar da tsarin, a kan na cikin ba ka lura ba.

Abu ɗaya kafin ka kashe kuɗi: buga `lscpu` ka tabbatar injin mai bit 64 ne. Tun daga Debian 13 babu mai girkawa na irin waɗannan kwamfutoci masu bit 32.

Sauko da shi, da lissafin data

Kana iya ɗauko hoton girkawa, wato fayil ɗin da ake girka Debian da shi, na reshen gwaji da ake sabuntawa kowane mako, amma shi kansa mai girkawar gwaji ne, wani makon yakan ƙi aiki. Na fi son in girka trixie sannan in haura zuwa forky. Ɗauki ƙaramin hoton nan na netinst, wanda bai kai gigabait ɗaya ba. Yi amfani da `wget -c`, domin idan intanet ta yanke zai ci gaba daga inda ya tsaya maimakon ya koma farko. Sauko da fayil ɗin SHA512SUMS da ke gefensa, ka sa su a wuri ɗaya:

`sha512sum -c SHA512SUMS --ignore-missing`

Idan bai ce OK ba, hoton ya lalace a hanya, kada ka ɓata lokacinka da shi. Rubuta shi a filas da Rufus idan a Windows kake, ko da `dd` idan a Linux. Da `dd` ka duba `lsblk` sau biyu kafin ka danna, domin harafi ɗaya ne tsakanin filas da faifanka.

Wajen girkawa ka bar kalmar sirrin root, wato babban asusun da ke da iko da komai, babu komai, hakan zai sa mai amfani na farko ya samu ikon `sudo`. Wajen tsara faifai zaɓi ext4. Bar GNOME yadda yake, domin kana bukatar abin da za ka kwatanta da shi.

Bayan ya tashi, buɗe `/etc/apt/sources.list`, ko `debian.sources` da ke cikin `/etc/apt/sources.list.d/` idan tsarin naka sabon salo ne. Duk inda aka rubuta trixie mayar da shi forky, har da layin tsaro, ya zama forky-security. Layin updates da na backports sa musu alamar # a gaba. Akwai bambanci tsakanin rubuta forky da rubuta testing. Wanda ya rubuta forky zai bi shi har ranar da ya zama tsayayye ya huta. Wanda ya rubuta testing kuwa ba shi da masauki, ranar da forky ya fito sai ya zarce cikin na gaba. Ga mai fara koyo forky ya fi.

Kafin haurawa saka waɗannan biyun:

`sudo apt install apt-listbugs apt-listchanges`

Na farkon yana leƙa rumbun rahotannin Debian kafin kowane sabuntawa, idan ƙunshin da za ka saka yana da babbar tangarɗa da aka riga aka sani sai ya tsayar da kai ya tambaye ka. Sau da yawa amsar da ta dace ita ce a'a, ka jira kwana biyu.

Sai haurawar kanta, kuma a nan ne wuta da data suke shigowa. Raba aikin gida biyu. Da dare, lokacin da data ta fi araha kuma layi ya fi sakewa:

`sudo apt update`
`sudo apt-get -d dist-upgrade`

Wannan `-d` ɗin saukowa kawai yake yi, ba ya taɓa tsarin, ko an ɗauke wuta babu abin da zai lalace. Washegari, batir cike, caja a jone, sai ka yi `sudo apt upgrade`, sannan `sudo apt full-upgrade`. Kafin ka amsa da Y karanta jerin abubuwan da ya ce zai cire. Idan ka ga yana shirin cire gnome-shell ko rabin tsarin, ce masa a'a. Hakan na faruwa idan ana tsakiyar sauya wani babban ginshiƙi, wasu ƙunshi sun gangaro wasu ba su iso ba tukuna. Bayan kwana uku ko huɗu yakan daidaita da kansa.

Ga masu cibiyar koyar da kwamfuta da ke da inji biyar ko goma: ƙunshin da aka sauko suna zama a `/var/cache/apt/archives`. Umarnin `apt` yana share su bayan ya girka, `apt-get` kuwa yana barinsu. Kwashe su a filas ka zuba a wuri ɗaya a inji na biyu, ba sai ka sake sayen data ba. Idan injinan suna haɗe da juna, apt-cacher-ng a kan guda ɗaya zai ciyar da sauran.

Igiyar komawa

Tsarin ya tashi a forky, GNOME na aiki. Tsaya nan, kada ka saka Xfce tukuna.

`sudo apt install timeshift`
`sudo timeshift --create --comments "kafin xfce"`

Timeshift yana ɗaukar hoton tsarin yadda yake a wannan lokaci, ranar da abu ya rikice sai ka dawo nan da `sudo timeshift --restore`. Zaɓi salon rsync. Dalilin da ya sa na ce ext4 ɗazu shi ne salon btrfs na Timeshift yana neman wani tsarin suna da mai girka Debian ba ya bi, sai ka yi gyara da hannu. Ka sani kuma ba ya ajiye takardunka na cikin gida, wato jakar home ta mai amfani, tsarin kawai yake ajiyewa.

Sannan ƙirƙiri sabon mai amfani:

`sudo adduser gwaji`
`sudo adduser gwaji sudo`

Mutane da yawa suna tsallake wannan, daga baya su yi ta mamakin abin da ya sauya musu launi da girman rubutu. GNOME da Xfce duka suna rubuta saitinsu a cikin `.config` na mai amfani, kuma suna taka ƙafar juna. Idan ka shiga Xfce da asusun da ka saba shiga GNOME, ba za ka iya rarrabe tangarɗar Xfce da ragowar saitin GNOME ba. Asusun gwaji na Xfce ne kaɗai, ba ya shiga GNOME ko sau ɗaya.

Saka Xfce

Fara da tambaya, ba da aiki ba:

`apt -s install xfce4 xfce4-goodies`

Wannan kwaikwayo ne, zai nuna abin da zai shigo da abin da zai fita ba tare da ya taɓa komai ba. Idan babu abin da zai cire, cire `-s` ka sa `sudo`. Akwai kuma task-xfce-desktop, wanda shi ne cikakken jeren da mai girka Debian zai ba ka da ka zaɓi Xfce tun farko. Ya fi nauyi, amma idan burinka ka ga abin da sabon mutum zai tarar ranar da Debian 14 ya fito, shi ne gwajin gaskiya.

Wataƙila allo mai shuɗi ya fito yana tambayar wane mai tsaron ƙofa kake so, gdm3 ko lightdm. Shi ne allon da ke karɓar kalmar sirrinka. Zaɓin yana da tasiri a wurin da ba ka zata ba, wato kulle allo. GNOME ba ya iya kulle allonsa sai da gdm3, shi kuma light-locker da ake yawan haɗawa da Xfce ba ya aiki sai da lightdm. Fara da gdm3. A allon shiga danna sunan gwaji, sai alamar giyar inji mai haƙora ta fito a kusurwar dama ta ƙasa, a nan za ka zaɓi Xfce. Idan bai bayyana a jerin ba, ko ka shiga ya dawo da kai waje, sauya mai tsaron ƙofar da `sudo dpkg-reconfigure lightdm` ka sake tayar da injin.

Da ka shiga, buɗe tagar umarni ka buga `echo $XDG_SESSION_TYPE`. Zai ce x11. GNOME kuwa zai ce wayland. Rubuta wannan a littafinka, domin tsarin zana allo biyu ne mabambanta, kuma tangarɗa da dama daga nan suke tasowa.

Littafin da nake nufi na takarda ne, irin mai ganye arba'in na 'yan makaranta. Kwanan wata, abin da ka sabunta, abin da ka gwada, abin da ya faru. Ranar da allo ya yi baƙi ba za ka iya buɗe bayanin da ka ajiye a cikin injin ba.

Abin da mu za mu gwada wanda wasu ba za su gwada ba

Masu gwada Debian a Jamus ko Amurka za su gano idan taga ta ƙi buɗewa. Amma wanda wuta ba ta yanke masa ba zai lura da abin da ke faruwa idan caja ta mutu ta dawo sau shida a awa ɗaya ba, kuma wanda bai taɓa rubuta ƙ ba ba zai san ta ɓace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Fara da haruffanmu. A saitin Xfce shiga Keyboard, sannan Layout, cire alamar bin tsarin inji, danna ƙari, nemo Hausa ta Najeriya. Ko a tagar umarni:

`setxkbmap -layout ng -variant hausa`

Wannan umarnin a x11 kawai yake aiki. Bi madannan ɗaya bayan ɗaya ka gano inda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suke, da manyansu, da alamar naira. Saka alamar sauya kibod a kan sandar sama don ka riƙa komawa Turanci, sannan ka kulle allo alhali kana kan Hausa ka ga ko kalmar sirrinka za ta shiga. Fita daga asusun ka dawo, ka ga ko zaɓin ya zauna.

Jimla ɗaya nake amfani da ita ko'ina: "Ɗan ƙauye ya ɓoye ƙwarya a ɗaki." Rubuta ta a Mousepad, a LibreOffice, a Firefox, a tagar umarni. Sannan ka buɗe Thunar, manhajar duba fayiloli ta Xfce, ka ƙirƙiri jaka mai suna Ƙididdiga, ka kwafe ta zuwa filas, ka kai wata kwamfutar mai Windows ka ga ko sunan ya isa lafiya. Duba surar haruffan da kyau. Wani lokaci suna fitowa, amma za ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta siranta ko ta ɗan karkace, alamar cewa nau'in rubutun da ake amfani da shi ba shi da ita, an aro ta ne daga wani. DejaVu da Noto suna da su duka. Idan babu kibod ɗin Hausa, a manhajojin GTK, irin na Xfce da GNOME, kana iya danna Ctrl da Shift da U tare, sannan lambar harafin: 253 don ɓ, 257 don ɗ, 199 don ƙ, 1b4 don ƴ. A manhajojin Qt, irin na LXQt da Plasma, wannan dabarar ba ta aiki sai da manhajar shigar da rubutu irin IBus, kuma wannan na cikin abin da mai gwada LXQt ko Plasma zai duba.

Masu rubutun ajami su saka fonts-sil-alkalami. Nau'in rubutu ne da aka zana bisa salon hannun Kano, irin wanda idonmu ya saba da shi tun a makarantar allo. Rubuta layi biyu a LibreOffice daga dama zuwa hagu, ka duba ko wasulla suna zama a inda ya kamata, sannan ka fitar da shi PDF ka sake dubawa.

Sai wuta. Zare caja kana kallon alamar batir: ta sauya nan take? Hasken allo ya ragu? Mayar, sake zarewa, yi haka sau goma a jere kamar yadda ake yi mana idan wuta na rawa. Rufe murfin, jira minti biyar, buɗe. Ya farka? Ya nemi kalmar sirri kafin ya nuna abin da ke allo? Wayales ya dawo da kansa? A saitin wuta na Xfce akwai wurin da za ka faɗi abin da zai yi idan batir ya kusa ƙarewa. Saita shi, sannan ka bar batirin ya zube da gangan ka ga ko zai cika alkawari. Tsohon batir yakan faɗo daga kashi talatin zuwa sifiri a lokaci guda, saboda haka ɗaga iyakar sama. Lafiyar batirin kanta za ka gani da wannan:

`upower -i $(upower -e | grep BAT)`

Zafi kuma, musamman daga Maris zuwa Mayu. Saka lm-sensors, buga `sensors` bayan minti goma da tashi, sannan bayan ka kalli bidiyo na minti goma. Yi haka a GNOME, yi a Xfce, a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya na rana. Idan an fito daga hunturu ba a busa wa fankar injin iska ba, ƙura ce za ka auna, ba manhaja ba.

Haka ma ram. Tayar da injin, shiga, jira minti biyu ba ka buɗe komai ba, buga `free -h`, rubuta. Sake tayarwa ka yi wa ɗayan. Kada ka fita daga GNOME ka shiga Xfce kai tsaye ka auna, domin ragowar ayyukan na farkon suna nan a raye. Sannan ka buɗe shafuka biyar a Firefox ka sake aunawa. A nan ɗan yayata ya yi shiru yana kallon lambobin, ya ce, "Kawu, ashe burauza ce ke cinye ram ɗin." Xfce ya rage masa nauyi, amma ba shi ne dukan maganin ba.

Waya ita ce intanet ɗin yawancinmu. Gwada hospot, gwada jona ta da igiya. Gaya wa tsarin cewa layin na kuɗi ne:

`nmcli connection modify "sunan layin" connection.metered yes`

Jona wayar Android ka zaɓi tura fayil. Idan Thunar bai gan ta ba, duba ko gvfs-backends na ciki. Sauran kuwa, na'urar buga takarda, majigi, lasifikar Bluetooth, madannan ƙara sauti, bi su da sauri, kowanne layi ɗaya a littafi.

Ranar da ya lalace

Zai lalace. Ni nawa ya same ni a kan kwamfutar tebur da ba ta da batirin ajiya, ana tsakiyar girka ƙunshi aka ɗauke wuta. Da ta dawo, allo baƙi, sai ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwa. Idan ka ga haka danna Ctrl da Alt da F3, za ka samu wurin shiga na rubutu zalla. Shiga, sannan:

`sudo dpkg --configure -a`
`sudo apt --fix-broken install`

Waɗannan biyun suka tashe ta, kuma tun ranar ba na girka komai a injin da ba shi da batir.

Idan ba wuta ba ce, nemi dalili. `journalctl -b -p err` zai nuna kurakuran wannan tashin, `journalctl -b -1` na tashin da ya gabata. Fayil ɗin `.xsession-errors` a gidan gwaji yana riƙe koke-koken Xfce. `/var/log/apt/history.log` zai gaya maka abin da ya sauya jiya, kuma galibi mai laifin yana cikin wannan jerin. Idan bayan sabon kernel ne, wato zuciyar tsarin, wayales ko allo ya mutu, a allon GRUB shiga zaɓi na biyu ka tashi da tsohon. Tsohon ƙunshi kuma yana nan a snapshot.debian.org, ka saka shi ka riƙe shi da `sudo apt-mark hold` har a gyara sabon. Idan duk wannan ya faskara, Timeshift.

Kai rahoto

Wanda ya ga tangarɗa ya gyara wa kansa ya yi shiru, rabin aiki ya yi. Fara da gano ƙunshin da abin ya shafa: `dpkg -S /usr/bin/thunar` zai faɗi sunansa, `apt policy thunar` zai faɗi lambar fitowarsa. Maimaita tangarɗar sau biyu aƙalla, ka tabbatar kana iya jawo ta da gangan. Duba bugs.debian.org da sunan ƙunshin, wataƙila wani ya riga ka, sai ka ƙara abin da ka gani a kan nasa. Idan babu, saka reportbug ka kira shi da sunan ƙunshin. Zai tattara bayanan injinka da kansa ya aika ta imel. Rahoton da adireshin da ka aika da shi kowa zai iya gani, saboda haka duba kada sunan fayil na sirri ya shiga ciki.

Da Turanci ake rubutawa, amma ba gasar Turanci ba ce. Abu uku ake so: abin da na yi, abin da na sa ran gani, abin da na gani. Ƙara samfurin kwamfutar. Idan batun harafi ne, rubuta lambarsa, misali U+0199, domin wanda zai karanta wataƙila bai taɓa ganin ƙ ba. Masu kula da ƙunshin yawancinsu 'yan sa-kai ne, amsa kan ɗauki kwanaki, kuma idan suka nemi ka sake gwada wani abu, yi ka ba su amsa. Lokaci ma yana da muhimmanci. Debian yakan fito kusan duk shekara biyu, kuma watanni kafin fitowa ake fara daskarar da reshen gwaji, na trixie an fara a Maris 2025. Bayan an daskarar, gyare-gyaren manyan tangarɗa kawai ake bari su wuce, ƙaramin abu kamar maɓallin kibod sai ya jira.

Kwashe kaya

Mako biyu na amfani na yau da kullum ya isa ka yanke hukunci. Idan Xfce ya kwanta maka, mayar da faifan aikinka ka saka shi a kan Debian tsayayye, ka bar faifan gwajin don ci gaba da leƙawa duk ƙarshen mako. Idan za ka gwada LXQt a bayansa, kada ka ɗora shi a kai. Share asusun da `sudo deluser --remove-home gwaji`, dawo da hoton "kafin xfce" da Timeshift, ƙirƙiri sabo, ka buɗe sabon shafi a littafinka. Ɗan yayata Xfce ya zaɓa a kan trixie don aikin makaranta, ƙaramin faifan kuwa ya rubuta masa "forky" da biro a jikin farin salatif, yana cikin jakarsa.